Jawabi ga makiyayan Birnin Lalle: yadda ake gano inda wahala ta taru

Maigari, ardo-ardo, makiyaya da manoma masu kiwo, barkanku da zuwa.

Kun sha tambayarmu: don me malaman kiwo ke yawo da takarda, suna tambayar nawa tiyar hatsi, nawa aka saida bunsuru, wace rijiya ta ƙafe? To, ga amsa.

Tun 1989 ƙasarmu ke da tsarin gargaɗi da wuri game da yunwa. Abin da kuka gaya mana ana haɗa shi da hoton ciyawa na tauraron ɗan adam, wanda cibiyar Agrhymet ta Yamai ke dubawa.

Yanzu kuma masana na da wata dabarar lissafi. Kowane gari ɗigo ne bisa taswira, da labarinsa: bashi, rumbun da ya ƙare, shanun da aka saida. Sai kwamfuta ta yi ta zagaye garuruwa maƙwabta, ta gwada nan, ta gwada can, sau dubbai, har ta samu gungun da wahalarsa ta fi ta kewaye. Kamar dai yadda kuke ware ramammu daga garke. A Togo, a 2020, da hoton tauraro da kwamfuta aka zaɓi gundumomi 100 mafi talauci don rabon tallafi.

Amfanin a fili yake. Dusa da gurya ba su isar kowa. Gara mota ta nufi inda abin ya fi tsanani. Kun tuna 2010, yadda bisashe suka zube wajen Gadabeji, wasu suka saida saniya kuɗin da bai kai buhun hatsi ba.

Amma fa kwamfuta ba ta san daji ba. Abin da aka ba ta shi take tunkawa. Ruga guda da ta tashi zuwa kwarin Tarka, in ba a faɗa ba, ba ta ganinta.

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Na ɗaya, ku faɗi gaskiyar bisashenku; wannan ba ƙirgar jangali ba ce, kar a rage, kar a ƙara. Na biyu, in kun fara saida matan dabbobi don sayen hatsi, ku sanar da mu tun da wuri, kar a jira bazara. Na uku, ku faɗa mana inda ƴan'uwanku masu tashi suka sauka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu.