Dogon ƙarfen salula da wutar da yake ci

Yau hirarmu a kan dogon ƙarfen salula take, irin wanda kuke gani a Madarumfa da Ɗan Isa.

In masunci ya kira mai sayen kifi a Maradi daga bakin tafki, muryarsa ba ta tafiya kai tsaye. Sai ta bi ta dogon ƙarfe tukuna. Can akwai wata na'ura da ake kira amfili. Kun san amfilin masallaci, mai ƙara ƙarfin muryar ladan. Shi ma wannan aikinsa ke nan: yana ƙara wa saƙo ƙarfi don ya kai ƙauyuka masu nisa.

To, amfili yana cikin na'urorin da suka fi cin wuta a wurin. Kuma ba duk wutar ce ke zama saƙo ba. Ku dubi murhu mai duwatsu uku. Itace na ci, amma mafi yawan zafin iska ke kwashewa. Tsohon amfili ma haka yake ɓarna. In an ba shi wuta kashi 10, wajen kashi 8 zafi kawai suke zama. Sannan a sake kashe wata wutar don a sanyaya shi.

Masana sun nemi magani. A shekarar 1936, wani injiniya na Amurka mai suna William Doherty ya yi dabara. Ya haɗa amfili biyu. Ɗaya na aiki kullum. Na biyu ba ya tashi sai kaya sun yi nauyi. Kamar mai amalanke ne da ɗansa: yaron na zaune, sai an shiga rairayi ya sauko ya tura. Yau dogayen ƙarafa da yawa da wannan dabara suke aiki. Sabon amfili yana mai da kusan rabin wutarsa saƙo.

Mene ne ruwanmu da wannan? Wutar jihar Maradi ta daɗe tana zuwa daga Najeriya, ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. In wuta ta ɗauke, dogon ƙarfe sai ya dogara da batir, ko injin gazuwal, ko allon hasken rana. Amfili mai ɓarna yana shanye batir da wuri. Batir ya mutu, waya ta mutu. Mai naƙuda cikin dare ba ta da hanyar kiran mota. Amfili mai tattali kuwa yana ƙara daɗewa, kuma allunan rana kaɗan sun ishe shi.

Mu ma muna da namu aiki. Batir da allunan nan na kamfani ne, amma amfaninsu namu ne. Wanda ya sace su, ya toshe bakin gari duka. Kada mu sayi irin waɗannan kaya a hannun wanda ba mu sani ba. Kada mu bar yara su jefi alluna. Kada mu kunna wuta kusa da shingen wurin.

Ga tambayoyi biyu, ku tattauna da malaminku. Ina wutar da tsohon amfili ke ɓarnatarwa take tafiya? Don me Doherty ya haɗa amfili biyu? Kowa ya rubuta amsa cikin littafinsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.