Yadda Ƙwayar Halitta Ke Kare Ruwan Jikinta: Jawabi A Taron Shekara



Zan tsaya ne kan darasi guda da dukkanmu muka haddace saboda jarrabawa, wato osmosis. Idan tantani ya raba ruwa biyu, ruwa kan ratsa zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Kowace ƙwayar halitta kuwa cikin irin wannan tantani take. A jefa jar ƙwayar jini cikin ruwa zalla, sai ta kumbura ta fashe. A jefa ta cikin ruwan gishiri mai ƙarfi, sai ta yamutse.

To, yaya suke tsira? Dubi bakteriyar da ke cikin ƙasa. In rani ya yi, gishiri ya taru kewaye da ita, sai ta fara zuƙo sinadarin fotasiyam, daga baya ta tara wani sukari da ake kira tirehalos, wanda ke riƙe mata ruwa ba tare da ya ɓata mata aiki ba. Ranar da ruwan sama ya sauko ba zato, ruwa ya kwararo mata, tantanin ya miƙe, sai wasu ƙananan ƙofofi su buɗe su furzar da kayan kafin ta fashe. Ƙwayoyin ƙodarmu ma haka suke tara sinadarin sobitol don jure kaurin fitsari.

Amma kariyar tana da iyaka, kuma nan ne darasin ya shigo gidajenmu. Yaro mai gudawa ruwa da gishiri yake zubarwa. Hanji kan tsotse gishiri tare da sukari, ruwa ya bi su. Wannan ne sirrin ruwan gishiri da sukari, wanda Dokta Dilip Mahalanabis ya ceci dubban masu kwalara da shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladash a 1971. Sai dai in sukari ya yi yawa, juyewa abin yake: ruwa ya baro jiki ya koma hanji. Shi ya sa lemon kwalba ke ƙara wa yaro gudawa, duk da iyaye da kyakkyawar niyya suke ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta rage kaurin haɗin a 2002.

In babu na ƙunshi daga asibiti, ga awon: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Don Allah a gaya wa iyalai kada a ƙara ko kaɗan.