Fashewar Ƙwayoyin Jini da Sankarar da Kan Ɓoye a Bayanta



Jar ƙwayar jini takan yi kimanin kwana 120 tana aiki kafin saifa ta kawar da ita. Idan ƙwayoyin suka riƙa fashewa tun wa'adinsu bai cika ba, ɓargo kuma ya kasa cike gurbi, sai mutum ya ɗashe, ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, haki ya dame shi. A wurinmu da an ga haka sai a ce shawara, ko maleriya, ko sikila. Sau da yawa hakan ne. Amma dattijon da ba shi da sikila, gwajin maleriya bai nuna komai ba, an ƙara masa leda biyu jinin ya sake zubewa cikin mako, shi ne ya kawo ni gabanku yau.

Akwai sankarar fararen ƙwayoyin jini mai tafiyar hawainiya da likitoci ke kira CLL, wadda ta fi kama manya. Kusan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu ita, garkuwar jikinsu kan ruɗe ta juya kan jajayen ƙwayoyinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki, galibi ba ƙwayoyin sankarar ke ƙera makamin da ke fasa jinin ba. Lafiyayyun ne da tsarinsu ya rikice. Haka ma sankarar kaluluwa kan yi, wani lokaci fashewar jinin kan riga sankarar bayyana da watanni. Gwajin da ke tona asirin nan tsoho ne: Robin Coombs da abokan aikinsa, Mourant da Race, suka fito da shi a Ingila a 1945.

Ina roƙonku abu guda. Prednisolone na kwantar da irin wannan fashewa, amma yana kuma narkar da kaluluwa, har a ɗauki tsoka a kai ɗakin gwaji a kasa gane cutar. In dai halin majinyacin zai bari, a laluba wuya da hammata da matsematsi, a taɓa saifa, a duba jini a madubin likita kafin a fara maganin.

Akwai kuma wata hanyar daban da sankara ke fasa jini. Sankarar ciki ko ta mama idan ta bazu, zaruruwan daskararren jini kan tare ƙananan jijiyoyi, su yi ta yayyanka ƙwayoyin da ke wucewa. Nan gwajin Coombs ba ya nuna komai, gutsattsarin ƙwayoyi ake gani.

Sai magungunanmu kansu. Fludarabine na iya tayar da fashewar ga mai CLL. Rasburicase kuwa, da ake bai wa masu sankarar Burkitt don kare ƙoda, yana fasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, kuma kun san yadda ƙarancin nan ya yawaita cikin mazanmu a Afirka ta Yamma. A gwada yaro tukuna kafin a ɗaura masa shi.