Sana'ar Biki Daga Tsakar Gida

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a nan Mando. Mun buga shi kamar yadda ta faɗa, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka ɗauko wannan tafiya tun tana rarrafe, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zauna can baya, barkanmu da ganin wannan rana. Da Sakatariya ta ce ni zan yi magana a kan aikin biki ta waya, na ce mata ni ba malama ba ce, ko kwamfuta ban mallaka ba. Ta ce ai shi ya sa aka zaɓe ni. To ga ni. Abin da na yi da hannuna zan faɗa, har da wanda ya ƙona ni.

Bari in fara da gyara wata magana. Yaran nan namu suna cewa wai aiki daga gida sabon abu ne, da korona ya zo. Ni dariya suke ba ni. Kakata a kulle ta yi rayuwarta, ba ta san hanyar kasuwa ba, amma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Akwai wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita a Giwa, nan cikin jiharmu, ta rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. A ciki za ki ji mata suna kaɗi a cikin gida, suna tara abin kansu, suna yi wa ƙawaye biki da shi. Mutum biyu ne suke fitar musu da kaya waje: yarinya mai faranti a ka, da dillaliya mai ƙunshi tana shiga gida-gida. Abin da ya canza kawai shi ne waya ta karɓi aikin su biyun. Kuma ita waya ba ta tsaya a unguwa ba, har Legas take kai talla, har Jidda.

Ni a 2020 na faɗa ciki, ba da niyya ba. Kun tuna dokar kulle, tun ƙarshen watan Maris aka rufe mu, ba kasuwa, ba taro, ba tafiya daga jiha zuwa jiha. Amma aure bai tsaya ba. Wani ɗan yayata da ke aiki a Fatakwal aka sa masa rana, shi yana can, mahaifiyarsa ba lafiya. Da aka ɗan sassauta sai ya kira ni, ya ce Anti ke za ki haɗa lefe. Ya turo kuɗi. Sati uku ina kai-kawo, datata, kuɗin kekena, girkin gidana yana latti. Na samu Allah ya saka da alheri da turmi ɗaya. Abokinsa ya gani, shi ma ya kira. Shi ma Allah ya saka. A na uku ne 'yata ta ce, Mama, wannan fa aiki ne kike yi. Wallahi sai da na ji kunya, don ni a kaina taimako na ɗauke shi. Addu'a ina so, amma mai shago ba ya karɓar ta a madadin kuɗin omo.

Ga yadda aikin yake. Ango ko 'yar'uwarsa suna nesa. Su faɗa miki akwati nawa suke so da abin da suka ware. Ki nemo lambar takalmi da awon amarya daga wajen ƙanwarta ko ƙawarta. Atamfa, leshi, shadda, mayafai, jaka da takalmi, kayan shafa, duk ki rubuta kafin ki taɓa ko kwabo. Wani kayan a Kasuwar Gumi za ki samu, wani sai Kantin Kwari a Kano. Ba sai kin je Kano ba, in kina da ɗan kasuwa ɗaya da kika gwada gaskiyarsa: ya turo hoto, ki tura wa masu biki, su zaɓa, ki biya, ya sa a mota ki karɓa a Kawo. Amma ki kula, hoton waya maƙaryaci ne. Abin da yake ruwan toka a shago sai ya fito shuɗi a waya, kaya su isa a ce ba shi aka zaɓa ba. Ni yanzu a tsakar gida nake ɗauka da hantsi, ban da kwalliyar hoto, in ajiye farar takarda a gefe, in ɗauki tambarin turmin shi ma. In abu mai tsada ne, kiran bidiyo nake yi su gani yana motsi a hannuna.

To a nan ne zan daɗe, don nan ne ake rasa mutunci. Hanya biyu ce, kuma ba a haɗa su. Ko dai ke mai sayarwa ce, kayanki ne, ki sa kuɗin da kika ga dama, mai so ya saya. Ko kuma ke wakiliya ce, da kuɗinsu kika je kasuwa, to abin da aka sayar miki shi za ki faɗa, ki ajiye rasit, sannan ki karɓi la'adarki a fili wadda aka yi magana tun farko. Wadda ta karɓi kuɗin mutane a matsayin wakiliya, ta je ta ɗora dubu biyu a kan kowane turmi a ɓoye, ta dawo tana cewa ai ni don Allah nake yi muku, ta ci amana, ku tambayi kowane malami. Kuma asirin ba ya daɗewa. Dangin ango ba makafi ba ne, akwai gwaggo ɗaya a kowane gida da ta san kuɗin kowace atamfa. Mu mata mun fi jin nauyin mu ce ga kuɗin aikina, sai mu zagaya ta bayan gida. Ku faɗa da baki, ku rubuta a saƙo. Wanda ya gudu saboda kin faɗi la'ada, da ma wahala zai ba ki.

Sai anko. Amarya ta yau ƙawayenta a warwatse suke, wata tana karatu a Zariya, wata tana bautar ƙasa a Ibadan, wata ta yi aure a Abuja. Ita kuma kanta ya ɗau zafi, ba ta da lokacin bin kowa bashi. Wannan bin shi ne aikin. Ki buɗe musu zaure a WhatsApp, ki sa hoton kayan da kuɗinsa da ranar rufewa, ki riƙa rubuta wadda ta biya, ki yanka, ki ɗaure, ki aika wa kowa inda take. A ce su 40 ne, aka yarda naira 1,000 ce taki a kan kowace, kin ga 40,000 ke nan ba ki bar gida ba sai zuwa tasha. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiya sun san wannan sarai, su ma bikinsu ba ya tafiya sai da anko. Tarkon guda ɗaya ne: kada ki sayi kaya da kuɗinki kina jiran su biya. Za ki ji ana Anti ajiye min, wallahi gobe zan turo, ranar biki ta wuce ki zauna da yadi goma sha biyu mai kalar da ba mai so. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo, kuɗin kaya ba ya zama wuri ɗaya. In kin faɗi farashi, ki ce na kwana uku ne.

Akwai kuma ƙananan ayyuka da 'yan matanmu suka fi mu iyawa. Katin gayyata yanzu a waya ake tsara shi da Canva, a tura, ba a je wajen mai buga kati ba. Masu kwalliya da masu lalle da masu girkin biki hannunsu a cike yake, saƙonni suna taruwa a Instagram ba mai amsawa, ciniki yana wuce su. Yarinyar da ta gama sakandare, ta iya rubutu da ladabi, za ta iya riƙe musu shafi a biya ta duk wata. Masu alkaki da nakiya da dubulan na gara, da masu turaren wuta da humra, ku kayanku ma ba sa lalacewa a hanya, ku kuka fi kowa dacewa da aike.

Kuma ku duba inda Allah ya ajiye mu. Tashar Mando tana bakin ƙofarmu, motocin kudu suna tashi. Kawo ga ta nan, ta Zariya da Kano. Jirgin ƙasa na Abuja yana tashi a Rigasa tun 2016. Filin jirgin sama ta hanyarmu ake bi. Ga NDA a Afaka, ga barikin sojan sama, cike da mutanen da aiki yake jefawa gari-gari, aure kuma yana jiransu a gida. Matan wasu unguwanni sai sun biya kuɗin mota biyu kafin su kai kaya inda mu muke takawa da ƙafa.

Yanzu wanda ya ƙona ni. Wata ta yi min magana a waya, murya mai daɗi, Hajiya sama Hajiya ƙasa, ta ce turaren wuta da humra take so na bikin ƙanwarta, da gaggawa, motar yamma. Alat ya shigo, sunana daidai, kuɗi daidai. Na ɗaure kaya na kai tasha da kaina. Da daddare na buɗe asusu, babu ko sisi. Na kira, layi a kashe. Rabin kayan nan ba nawa ba ne, na wata 'yar'uwa ce da ke zaune a cikinku yanzu, kuma sai da na ci zubin adashina na biya ta. Saƙon alat kowa zai iya ƙirƙira. Hoton rasit ma haka. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su bar gida. Duk mai cewa yi sauri mota za ta tashi, to ki ƙara jan ƙafa. Kuma lambobin nan shida da ake turowa a waya, duk wanda ya kira ya ce karanto min, ko ya ce daga ƙungiya yake, ko daga banki, ki kashe. Da su ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Mai sana'ar biki in aka ƙwace nata, kwastomominta za a fara yi wa.

Abu na biyu da na koya, daga ƙarshen Satumban 2021 ne, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Wadda duk lissafinta yana cikin waya ta gane kurenta. Tun daga nan nake da littafi mai bango mai kauri: suna, abin da aka saya, kafin alƙalami, saura, ranar aikawa, lambar direba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, wuta tana ɗaukewa kwana biyu. Amma kada wata ta ce to ai gara a bar wayar. Farkon 2023, da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, wa ya yi ciniki? Mai asusun banki. Masu cewa ni sai kuɗi a hannu, zaman kallo suka yi.

Iyayen gida da ke baya, kalma ɗaya gare ku. In kun ga waya a hannunta, ba kullum hira ba ce. Mu kuma mu yi adalci: a sa lokaci. Ni bayan isha'i ba na amsa ciniki, kuma in ango ne da kansa, a rubuce muke magana, maigidana ya san da shi. Hoton amarya kuwa, ko na lefenta, ba ya hawa shafina sai ta yarda, shi ma mijin ya yarda. Na ga inda hoto ɗaya ya haɗa dangi biyu faɗa kafin a kai amarya.

Hajiya Shugaba, ga roƙona, a sa shi cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. Matsalar wannan sana'a ita ce wanda yake Legas bai san ni ba, yana tsoron ya turo kuɗi, ni ma ina tsoron in tura kaya. Amma ƙungiya tana da suna, tana da asusu, tana da ma'aji. Me zai hana mai saye ya zuba kuɗinsa a asusun ƙungiya, a riƙe, sai kaya sun isa hannunsa a sakar wa mamba, ƙungiya ta cire ɗan abin da aka amince? Na san aiki ne a kan Ma'aji, na ga tana harara ta. Na kuma san in mamba ɗaya ta yi ha'inci sunan dukkanmu ne zai ɓaci, don haka sai an yi doka mai tsauri kafin a fara. Sannan a duba ko za a saya mana waya ɗaya mai kyamara mai kyau da ɗan faifan sola, a ajiye a ofis, duk mai kaya ta zo a ɗaukar mata hoto. 'Ya'yanmu da suka gama makaranta su riƙe wannan, a ba su wani abu. Ƙananan kuma, tunda waya ta karɓi faranti, ban ga dalilin da za a ga yarinyar mamba a shataletalen Mando da tire a ka ranar makaranta ba.

Bukukuwa sun fi yawa kafin azumi, da bayan salla, da watan Disamba. In za mu fara, sai mu shirya tun kafin lokacin ya zo. Littafina yana jakata, duk mai son ganin yadda nake ja masa layi ta same ni bayan an ci abinci. Sakatariya kuma ta ajiye takarda a bakin ƙofa, mai sha'awa ta rubuta sunanta da sana'arta.