JAWABI: IN KIƊA YA SAKE, RAWA SAI TA SAKE

 

Maganata a kan kasuwa ce: yaushe ya kamata mutum ya cire hannu daga sana'ar da ta fara cin jarinsa?

Dattawa sun san zamanin gyaɗa. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗar talakawa, aka kuma kafa injin matse mai na SEPANI a Magariya. Kaka ta yi, kowa da kuɗinsa. Sai fari ya zo a 1973, sannan a 1975 darɓa ta kawo kuturtar gyaɗa, ta cinye gonaki tun daga nan har ƙasar Kano. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Manoman da suka gane da wuri suka koma wake da gero, suka tsira. Wanda ya dage yana cin bashin iri, yana cewa baɗi za a gyaru, ya ƙare da jinginar da gona.

Amma ba kowace tsiya ake guje wa ba. A 1984 Najeriya ta rufe iyaka, fataken Magariya da Dungas masu kai dabbobi kasuwar Maigatari suka sha wuya. A 1986 aka buɗe, ciniki ya dawo. Wannan tsaiko ne. Na gyaɗa kuwa, hanyar ce ta mutu. Aikin ɗan kasuwa shi ne ya rarrabe su.

Ga alamu uku. Na farko, in cefanen gida daga uwar kuɗi yake fitowa, ba daga riba ba. Na biyu, in kana cin bashi don ka biya wani bashi. Na uku, in kaka biyu ko uku sun wuce, dalilin asarar yana nan, kuma gyaransa ba a hannunka yake ba. In ukun nan sun haɗu, ka tsaya.

Abin da ke hana mu tsayawa kunya ce: kada a ce wane ya karye. Kuɗin da suka tafi sun tafi, zuba wasu ba ya dawo da su. Ka sayar da sauran kaya tun suna da daraja, ka fara sallamar masu binka, ka gaya wa ubangidanka gaskiya da bakinka. Wanda ya fita da mutuncinsa, gobe za a sake ba shi kaya.

Ku kuma samari masu dawowa daga Kano da Legas da ɗan abin da kuka tara, kafin ku buɗe shago ku yanke iyakar asarar da za ku iya ɗauka, ku rubuta a littafi, ku shaida wa wani babba. Ranar da aka kai nan, kada a ƙara ko dala.

Allah ya ba mu sa'ar nema.