MAKARANTAR COCI DA MUTANEN GARI

(Wannan shi ne jawabin da aka karanta a taron iyayen yara da malamai na wata makarantar firamare ta coci da ke karkarar Zariya. An buga shi ne domin ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta, su tattauna da malamansu.)



Makarantar coci ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Tun farkon zamanin Turawa Likita Miller na ƙungiyar mishan ta C.M.S. ya buɗe makaranta a cikin birnin Zariya, sannan a shekarar 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Makarantar St. Bartholomew ta Wusasa ita ce ta koyar da Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975. A kan bencinta kuma Farfesa Ishaya Audu ya zauna, wato ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Su ma sai da suka share fili, suka ɗebo ruwa, suka haddace biyu sau biyu, kamar yadda yaran wannan gari suke yi.

Iyaye da yawa suna sallamar yaro da safe ba tare da sun san yadda yake wuni ba. Da misalin ƙarfe bakwai ake buga ƙararrawa, wadda a makarantun ƙauye galibi tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a bishiya. Kowane aji yana da kason filin da zai share, monita na duba wanda ya zo da wanda ya makara. Daga nan sai a yi layi, malamai su duba farce da haƙora da tufafi, a yi waƙa da addu'a, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta ya faɗi sanarwa, a shiga aji. Malami ya kira rajista, a fara da lissafi tun kan yaro bai ɗau zafi ba, Turanci da Hausa su biyo baya. In an fita tara, masu ƙosai da ɗanwake da dafaffiyar gyaɗa suna jira a gindin bishiya, nan ne mai guzuri yake gutsura wa wanda ya fito gida hannu rabbana. Bayan an koma, a yi darasin addini da kimiyya da kiwon lafiya, wata rana kuma a fita gonar makaranta.

Wannan aiki ba malamai kaɗai suke yinsa ba. Matan zumunta su ne suke daɓe azuzuwa, su ɗinka wa marayu tufafin makaranta. Samarin coci da na masallaci tare suke kwaɓa ƙasa in bango ya zube. Da kaka, ranar godiyar amfanin gona, akan ware wani abu daga masara da dawar da aka kawo don sayen alli da gyaran benci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma akwai abubuwa uku da suke neman rage wa makarantar ƙarfi.

Na farko shi ne fashin damina. Da an yi shuka sai aji ya rage, domin an tafi da yara noman fari da maimai. Yaron da ya yi mako uku bai zo ba, in ya dawo zai tarar an wuce rabawa an shiga wani babi, shi kuma ba ya iya kamowa. Sai ya fara jin kunya, daga kunya sai gudu. Manomi ba ya rasa bukatar hannu a gona, amma ana tashi makaranta da azahar, ga yamma, ga Asabar, ga kuma dogon hutu da yake faɗowa a tsakiyar damina.

Na biyu shi ne tallar 'yan mata. Akan bar yarinya ta kai aji huɗu, sannan a ɗora mata faranti. Ribar tallar ba ta wuce kuɗin cefanen yini, amma abin da ta rasa ya haɗa da karanta takardar asibiti da sanin awon maganin da za ta ba ɗanta nan gaba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya ga ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kuma dokar ba ta ware mace ba.

Na uku shi ne zargi. Akwai iyaye Musulmi da suke tsoron kada a juya wa yaro addini, har sun gwammace ya zauna a gida tun da babu wata makarantar kusa. Wannan tsoro ba abin dariya ba ne, kuma tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya yi maganinsa a sashe na 38, inda ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Saboda haka ya kamata hukumar makaranta ta zauna da Malam Liman a samo wanda zai riƙa koyar da yara Musulmi a lokacin darasin addini, a kuma sallame su da wuri ranar Juma'a. Uban da yake da shakka ya zo da kansa ya tsaya bakin taga ya ji abin da ake koyarwa, maimakon ya dogara da ji-ta-ji-ta a kasuwa.

Akwai kuma abin da ya shafi iyaye su kansu. Ƙarshen kowane zango yaro yakan kawo katin sakamako gida. Uban da bai iya karatu ba sai ya dangwala yatsa, abin da yaron ya gaya masa shi zai ɗauka, ko ya ci ko ya faɗi. Ga azuzuwa nan a buɗe bayan la'asar, ga allo, ga benci. Ajin yaƙi da jahilci ba ya tambayar shekaru ko addini. Wanda ya dage zai kai ga karanta katin ɗansa da kansa, ya rubuta sunansa a inda da yake dangwalawa, kuma yaron da ya ga uwarsa riƙe da littafi ba sai an kore shi zuwa makaranta ba.

Abin da ake roƙo a wannan taro ba shi da yawa. Kowace unguwa ta ba da mutum ɗaya da zai riƙa bibiyar yaran da suka yi fashi. A sa ranar aikin gayya don gyara rufin azuzuwa kafin ruwa ya sauka. Masu sha'awar ajin manya, maza da mata, su ba shugaban makaranta sunayensu kafin a watse.