Fitsarin Jini Ba Alamar Balaga Ba Ce



A garuruwan bakin Gulbin Rima, daga Gulma da Argungu har Birnin Kebbi, ruwa ne arzikinmu: a cikinsa ake su, a fadamarsa ake noman shinkafa. Sai dai a ruwan nan yaranmu ke kwaso tsargiya.

A da, idan yaro ya fara fitsarin jini, iyaye da yawa ba sa tayar da hankali. Wasu kan ce balaga ce ta zo, wasu su ɗora wa zafin rana. Ciwon da ya game gari, sai aka daina ganinsa ciwo.

Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke jawo tsargiya a Alƙahira. Daga jikin katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko mai aiki a fadama, ƙwayayenta su raunata mafitsara. In an bar ta shekaru, tana jawo ƙarancin jini, ta lalata ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara. 'Yan mata ma tana kama su, kunya ce ke hana su faɗa.

Alhamdu lillahi, tunani na sauyawa. Akwai magani, praziquantel, kuma ana raba shi a makarantu. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku, ku kai su asibiti, ku hana su fitsari a gulbi. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah ya ba mu lafiya.